Neman Wuri Don Muryar Gwamma

Mertoutek, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanena Taufiq,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da mutanen shagonku. Ina labarin matarka Suwaiba a Maradi? Allah ya sauke ta lafiya. Mu nan kalau muke. Ɓaure ya nuna, tumatir ya yi yawa har Zaharaddini direba yana kukan tayoyinsa, kuma shi zai miƙa maka takardar nan tare da kwandon inabi. Kakata Gwamma tana nan da tarin nan nata. Cin abinci ya ragu, amma bakin bai ragu ba.

Maganar ordinatar ɗin nan, wato kwamfutar da ka aiko mana, ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ban manta yadda muka yi ba. Kai kana neman sunan matar da ta haifi mahaifinka, don in Suwaiba ta sami mace ka sa mata shi. Gwamma kuwa ta ce ba ta tsinke salsalar dangi daga tsakiya saboda mai gaggawa. Daga babban ɗaki take farawa ta gangaro, yadda gwaggonta ta ba ta a Damagaram, ba tsallake, ba maimaitawa, kuma ta ce naku ɗakin can ƙarshe yake. To kullum bayan la'asar nakan shimfiɗa mata tabarma a gindin ɓaure, in kife turmi in ɗora injin a kai, ta yi ta zubo sunaye: wane ya auri wance, suka haifi su wane, har jariran da ba su kai yaye ba tana faɗin sunansu.

Ka san abin da ya sa ta yarda da injin nan? Koren layin nan ne da ke tsalle in ana magana. Ta ce ga mai sauraro mai ladabi, ana faɗa yana gyaɗa kai. Wani lokaci har gwada shi take yi, ta yi shiru ta ga ko zai ci gaba da gyaɗawa don munafunci. In ya kwanta sai ta yi dariya ta ɗora.

Jiya muna tsakiyar 'ya'yan Jaji, wan kakanta, sai injin ya fito da rubutu wai wuri ya kusa ƙarewa. Na duba yadda ka nuna mini a takardar farko, na ga muryar Gwamma ba ta ci ko rabin cikinsa ba. To sauran rabin wa ke zaune a ciki? Tun jiya tambayar nan ke cina. Ni dai manhaja ɗaya nake buɗewa, ta ɗaukar murya. Su waye waɗannan baƙin da suka cika mini ɗaki ban taɓa ganin fuskarsu ba?

Kada ka ce in zuba a kile, ɗan filashin ajiyar nan, kai ka san ƙofofin nan biyu da ake soka shi matattu ne tun kafin injin ya bar hannunka. Kada kuma ka ce in goge na baya. Akwai gidaje da yawa tsakanin Jaji da ku, ga jikin tsohuwa ba kamar bara ba, kuma gaskiya ina jin tsoro. Ka faɗa mini abin da zan fitar.

Yayarka,
Nana Hauwa

*

Tamanrasset, ranar Alhamis

Yaya Nana,

Wa alaikumus salam. Inabi ya iso, mutanen shago sun cinye shi kafin in wanke hannu. Lafiyata lau. Na yi waya da Suwaiba, ƙafafunta sun kumbura amma ungozoma ta ce ba komai, watan gobe ake sa rai. Ki gaishe da maigida, ki gaishe mini da Kaka Gwamma, ki ce mata mai gaggawa yana nan yana haƙuri.

Da da hali da na biyo Zaharaddini na gyara miki da hannuna. Amma kin san ba ni da takardu, ga shingen jandarma a hanya, in aka sauke ni sai dai ku ji labarina daga bakin iyaka. Saboda haka ki zama ke ce makanike.

Baƙin da kike tambaya sunansu fakiti. Kowace manhaja fakiti ce, ko tarin fakitoci. Lokacin da na sa wa injin tsarinsa, da kayan gida gaba ɗaya ya zo: na wasa, na rubutun ofis, na injin buga takardu, haruffan harsunan duniya. An yi shi don kowa ne, shi ya sa ya ɗauko na kowa. Ki buɗe manhajar nan mai hoton kwali, ki jera su daga mafi nauyi zuwa ƙasa. Kowanne da ɗan bayaninsa da Faransanci, ke kuwa kin yi lekkol, a karatun boko kin fi ni. Wanda kika ga ba ruwanki da shi, ki yi masa alama ki fitar.

Bayan haka ki buɗe baƙar tagar da ake rubuta umarni. Ki fara rubuta sudo apt clean, wannan yana zubar da kwalayen da aka riga aka kwashe kayan ciki, ba ya taɓa komai. Sai ki rubuta sudo apt autoremove, shi kuma shara ce, yana kwashe ƙananan fakitocin da wani ya shigo da su kuma wanda ya shigo da sun ya tafi. In ya tsaya yana tambayarki, ki danna O, wato eh da Faransanci. Yawan tambaya ne da shi kamar ɗan dowan mai binciken kaya a iyaka.

Yaya, ki yi dariya in kina so, amma abin nan yana raina. Mahaifina Abdurrazak ya rasu ban fara tafiya ba. Innata ta ce a hannun baffanninsa ya tashi, su kuma ba su taɓa ambaton uwarsa ba, kamar daga sama ya faɗo. Abin da kawai ya taɓa faɗa mata shi ne akwai wata Gwamma a arewa, danginsa ce. Da wannan guntun maganar na zo ƙasar nan. Har yau in aka tambaye ni yadda muke da ke sai in ce nesa ne.

Zaharaddini yana ta danna oda a waje, bari in tsaya nan.

Ƙaninki,
Taufiq

*

Mertoutek, ranar Litinin

Malam makanike,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Gwamma ta ɗan ji dama, har ta sha kunu ta nemi ƙari. Hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu, maigida yana ta gyaran bakin lambu kada ruwa ya zo ya kwashe masa albasa.

Kai, ashe gari guda ka aiko mini a cikin ɗan injin nan ban sani ba. Na buɗe kwalin na rasa inda zan fara kallo. Akwai haruffan mutanen Sin, da na wasu masu rubutu kamar an zuba taliya, na daɗe ina kallonsu kafin in sallame su, don ban san ko zan sake ganin irinsu ba. Akwai wasan dara irin na Turawa, da wani na tono nakiya. Wannan sai da na buga shi na mutu sau da yawa kafin na kore shi, kuma na kore shi da fushi. Akwai direbobin injin buga takardu na kamfanoni barkatai, a garin da takardar da ke yawo ita ce tawa da taka. Duk na fitar. Haruffan Tifinagh ne kawai na bari, maigida ya leƙo ya ga rubutun iyayensa a ciki ya ce in na taɓa su za mu ɓata.

Abin da ya fi ba ni mamaki, in na taɓa wani sai ya ce ai wane da wane a kaina suke zaune, in na tafi da su zan tafi. Wani ɗan mitsitsi ne amma goma na rataye da shi, wani ƙato ne ba mai nemansa. Wa ya tsara wannan? Mutum ɗaya ne ko taro? Kuma ya aka yi injin ya san wanda ya shigo don kansa da wanda aka shigo da shi don wani? Ka amsa mini wannan, ba don aiki ba, don in sani.

Yau da hantsi na gamu da wani wai shi ne mai kula da wasiƙun intanet da kalanda. Na ce mu da ko rezon waya ba mu da shi sai an hau dutse, wasiƙarmu kuma Zaharaddini ne, kalandarmu wata ne. Da na yi masa alama sai ya fito da jerin sunaye mai tsawon gaske, ya fi duk na baya, yana tambaya ko na yarda. Na ɗan tsaya, sai na tuna ka ce yawan tambaya ne da shi, na ce masa eh. Na bi da sharar nan taka, ita ma ta kawo nata dogon jerin, na danna O. Taufiq, ka ga wuri kuwa? Yanzu ko Gwamma za ta kai mu har Annabi Adamu akwai inda za a zuba.

Komai yana aiki. Manhajar murya a buɗe take tun safe, da la'asar mun gama gidan Jaji mun shiga na ƙanwarsa Daso. Wasu 'yan hotuna a gefen buro, wato fuskar allon, sun koma fararen akwatuna, amma ban damu da ado ba.

Ka gaishe da Suwaiba in kun yi waya.

Nana Hauwa

*

Tamanrasset, ranar Alhamis

Yaya Nana,

Sallama. Ina lafiya, Allah ya ƙara wa Kaka sauƙi. Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajera ce.

Kada ki kashe injin. Kada ki rufe manhajar murya. Ki bar shi a jone da batirin sola, ko da za a haƙura da fitila.

Da na karanta takardarki sai da na zauna a kan benci. Fakitin nan na wasiƙa da kalanda, agogon da ke saman buro a kansa yake zaune, shi kuma buro, wato fuskar injin gaba ɗaya da tagoginta da hotunanta, ba ya tashi sai da agogon. Dogon jerin da kika gani buron ne da kansa yake miki sallama. Da ya tafi, duk waɗanda suka shigo dominsa suka zama ba mai nemansu, shara ta kwashe su, kuma ina zaton har da manhajar muryar. Abin da kike gani yana aiki yanzu, saura ne da injin ke riƙe da shi a ka tun da aka kunna shi. Ranar da ya mutu ya tashi, ba zai same su ba. A nan shago da intanet, kafin shayi ya dahu na mayar da su. A wurinku abin da ya fita ya fita.

Da na ce ki danna O, umarnin nan biyu nake nufi, kuma a injin da ba a taɓa masa manya ba. Ban ce kowace tambaya ba. Jerin da yake kawowa shi ne abin karantawa, in kika ga ya fi abin da kika nema yawa sai ki ce a'a.

Ki roƙi Kaka ta ƙara da safe ban da la'asar, ku yi nisa tun injin yana numfashi.

Tambayarki kuma, taro ne suka yi shi, mutane da yawa a ƙasashe daban-daban, galibinsu ba su taɓa haɗuwa ba. Sauran bayanin sai hankalina ya kwanta.

Taufiq

*

Mertoutek, ranar Laraba

Taufiq,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da fatan Suwaiba ma haka. Mu mun sha ruwa. Kwarin ya kawo irin wanda aka daɗe ba a gani ba, ya ci gefen lambu, ya yanke hanya. Zaharaddini ya yi kwanaki a Idlès yana jiran ya janye, takardarka tana cikin aljihunsa. Jiya ta iso hannuna, ta yi laushi da gumi.

Ta zo a makare. Kwanakin hadarin rana ba ta fito ba, batiri ya yi ƙasa, ni kuma da hankalina na ce bari in kashe injin in tanada wuta don la'asar. Da na kunna sai baƙin allo, da 'yan fararen haruffa a sama suna neman suna. Ba buro, ba kwali, ba kibiya. Na kashe na kunna har na gaji.

Na ɗauko takardarka mai maganar fakiti na karanta wa maigida layin nan da ƙarfi, don in ji ko ni ce ban iya karatu ba. Ka rubuta in ya tsaya yana tambayata in danna O. Ba ka ce wani lokaci ba, ba ka ce ban da kaza ba. Na ji haushinka ƙwarai, kuma na ji haushin kaina, don hannuna ya tsaya a kan jerin nan kafin in danna, zuciyata ta faɗa mini, na bi maganarka na bar tata. Yanzu faɗa mini gaskiya: muryar da muka tara tana nan, ko ita ma na share ta? Ban iya cin abinci sosai tun ranar.

Ga inda aka tsaya. Kafin injin ya mutu mun gama gidan Daso da na ƙannenta, mun iso ƙofar gidan mahaifin Gwamma. Shi ne na ƙarshe a jerin, ita ce kuma autarsa, don haka ina zaton naku reshen yana rataye ne a bayan wannan, ta wajen wani aure. Na kawo mata injin da baƙin allonsa na ce ko za ta ci gaba in rubuta da alƙalami. Ta dube shi ta ce ba ta magana da wanda ya rufe ido, alƙalami kuma ba ya gyaɗa kai. Na ce to ni fa, ba ga ni ba? Ta ce ni ai tsegumi ya kawo ni.

Abin da ban gane ba shi ne, ba ta ji haushi ba ko kaɗan. Matar da in akuya ta katse ta sai ta yini tana mita, sai cewa ta yi, "To, Allah ne ya nuhi a tsaya nan." Ranar har tuwo ta ci. Na zauna ina kallonta kamar wadda aka sauke wa tulu daga ka. Me ke cikin gidan ubanta da take murnar an rufe ƙofarsa?

Na yi tunanin in ba Zaharaddini injin ya kawo maka, amma da hanyar nan zuwa da dawowa sai ya ci mako guda, tarin kuma ya dawo mata da sanyin ruwan nan. Ban yarda injin ya yi nisa da ita ba. In akwai dabara ka aiko, kuma wannan karon ka rubuta kamar kana yi wa wadda za ta bi kowace kalma.

Nana Hauwa

*

Tamanrasset, ranar Asabar

Yaya Nana,

Wa alaikumus salam. Albishirinki. Suwaiba ta sauka jiya Juma'a da hantsi, tun kafin lokacin da aka sa rai, an sami mace. Ta sha wuya, tana gidan likita har yanzu, amma ita da jaririyar suna lafiya. Na ji kukanta ta waya ina tsaye a bakin shago, na rasa abin da zan yi da hannuwana. Suna ranar Juma'a mai zuwa. Zaharaddini ya ce zai kwana biyu a wajenku ya juyo, in hanya ta yarda ranar Alhamis yana nan.

Maganar layin nan, ke ce da gaskiya. Na rubuta shi ana danna mini oda, na rubuta wa kaina ne ba ke ba. Ki yi haƙuri.

Muryar Kaka tana nan. Cire fakiti ba ya taɓa abin da mutum ya ajiye da hannunsa. A baƙin allon ki rubuta sunan da kike shiga da shi, ki danna babban maɓalli, ki rubuta kalmar sirri. Ba za ki ga haruffan suna fitowa ba, haka yake, ki ci gaba. Injin na nan da ransa, fuskar ce kawai babu.

Akwai wata 'yar manhajar ɗaukar murya da ba ta buƙatar buro, ina fatan shara ba ta kai kanta ba. Ki rubuta wannan daidai yadda yake, da tazararsa:

arecord -V mono -f cd kaka1.wav

In ya karɓa, zai fara ɗauka nan take. In za ki tsayar, ki riƙe Ctrl ki danna C. Gobe ki sa kaka2, kada ki maimaita suna ɗaya, zai hau kan na jiya. Na gwada a wani injin nan shago kafin in rubuta. Harafin V ɗin nan saboda Kaka na sa shi: zai fito da wani layi na 'yan alamomi a ƙasan allo, yana miƙewa in an yi magana, yana janyewa in an yi shiru. Ba kore ba ne, ba ya tsalle, amma yana amsawa. Ki nuna mata.

Na so in aiko miki da wayata ku ɗauka da ita, amma da ita nake jin halin da Suwaiba ke ciki, ban iya rabuwa da ita a makon nan.

In ya ce bai san umarnin ba, ko Kaka ta ƙi, kada ki matsa mata. Dangin Suwaiba suna da sunaye a shirye, har sun fara yi mini tayi. Zan karɓi ɗaya in yi godiya. Amma ba zan ɓoye miki ba, zai yi mini ciwo.

Ƙaninki,
Taufiq

*

Mertoutek, ranar Laraba

Taufiq, angon ƙarni,

Assalamu alaikum. Barka, barka. Allah ya raya ta, ya ba uwar lafiya. Maigida yana taya ka murna, ya sa a cika maka kwali da busasshen ɓaure na masu zuwa barka. Mu muna lafiya. Ka sami wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Umarnin ya karɓa. Na rubuta shi ina duba kowane harafi, layin ya fito, na yi tari ya miƙe. Jiya da la'asar na kife turmi na ɗora injin, na faɗa wa Gwamma an yi maka 'ya mace, suna ranar Juma'a. Sai ta matso ta yi wa injin gyaran murya, layin ya motsa. Ta kira shi mai ido ɗaya, ya sake motsawa. Na ga ta duba hagu da dama kamar mai neman wata hujjar, ba ta samu ba. Ta gyara lulluɓinta ta fara.

Ta jero 'ya'yan mahaifinta daga babba, kowa da aurensa da zuriyarsa, muryarta garau. Ta iso kan auta ta ce Rakiyatu, wadda ake kira Gwamma. Ni ina jiran ta ce ta auri kakana ta zo arewa ta haifi innata, don abin da na sani ke nan tun ina yarinya. Sai na ji ta ce an fara kai Rakiyatu wani gida a ƙasar Maradi tana da ƙuruciya, wajen wane, ta haifi yaron nan. Wane ya rasu yaron yana goye. Da aka yaye shi 'yan'uwan uban suka zo suka karɓe shi, suka ce nasu ne. Ita kuma aka mayar da ita Damagaram, daga can kakana ya aure ta.

Matar da ta faɗi sunan jariran da suka kwana ɗaya a duniya, ga ta tana cewa wane, tana cewa yaron nan. Ni da bakina da ba ya shiru na ce, Kaka, wane yaro, ba shi da suna ne? Ta ja mayafi ta rufe fuska. Layin ya kwanta, ya daɗe a kwance.

"Ke ɗiyar nan ba ki da kunya," in ji ta daga cikin mayafin. "Ina kika taɓa jin uwa ta kama sunan ɗanta na fari? Ke ki faɗa, mai ido ɗaya ya ji."

Na ce Abdurrazak. Ta gyaɗa kai. Daga nan ta buɗe fuska ta ce da muryar karatunta, yaron nan ya auri 'yar Maradi, ya haifi Taufiq. Naka sunan ta faɗe shi sarai, yana cikin injin.

Sunan da kake nema Rakiyatu ne. Kakarka ce, Taufiq, ita ta haifi mahaifinka, kuma innata ƙanwarsa ce uwa ɗaya. Nesan da kake faɗa wa mutane babu shi. Ta ce tun ranar da ka zo gaishe ta a Tamanrasset, lokacin da muka kawo ta ganin likita, ka ambaci sunan ubanka, ta san ko kai waye. Ta so ta faɗa, bakin ya ƙi, ga kunya, ga tsoron ka tambaye ta dalilin da ba ta koma ta neme shi ba. Ta ce ta aika sau da yawa ta hannun fatake, ba a taɓa ba ta amsa ba, sai labarin rasuwarsa da wani ya kawo mata bayan shekaru. Na yi kuka, ita ba ta yi ba, ta ce in tsayar da injin in kawo mata ruwa.

Buron ya zauna yadda yake, ba na gaggawarsa. In hanya ta gyaru zan kawo injin da kaina, kuma in jikinta ya yarda da ita zan zo.

Yau da safe ina ninke takardar nan ta kira ni ta ce in ƙara tambaya ɗaya. Na ce mata kai ma ba ka san shi ba, ta ce to ka tambayi innarka in kun yi waya ranar suna, ka aiko da amsa ta hannun Zaharaddini. Rabonta da shi yana tafiya yana faɗuwa. Tana so ta sani, yaron nan da ya girma, dogo ya zama ko gajere.

Yayarka,
Nana Hauwa